Ajin da Babu Na Ɗaya

Shekara uku Malama Hamsatu tana koyar da 'yan aji ɗaya a firamaren ƙauyensu, can gefen Abare, ba albashi ba komai sai "Allah ya saka". Bana aka ce za a ɗauki masu sa-kai aiki, amma sai mai duba malamai ya zo daga Anka ya gwada ɗalibansu tukuna. Kuma bana ɗin ne, don tsabar rashin sa'a, aka kawo mata Dikko cikin aji.

Dikko ɗanta ne na fari. Tun da aka yaye shi yana ruga wajen kakarsa, sai da tsohuwar ta rasu aka dawo da shi. Hamsatu kuwa Bafulatana ce, kunyar ɗan fari a jininta take. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in an tambayi lafiyarsa sai ta shiga gyaran mayafi. Tana son yaron kamar ranta, amma bakinta bai taɓa shaida ba.

Da aka zo darasin jeri, wato na ɗaya, na biyu, na uku, ta fitar da yara gindin dalbejiya ta ce su yi tsere zuwa bango, kowa ya tsaya layi yadda ya iso. Yo yaron da ya tashi yana bin maruƙa! Kafin sauran su ɗaga ƙafa Dikko ya taɓa bango. Ta iso kan layi da sandarta, ta ga wanda ke gaba. Ta nuna ɗan fari a bainar jama'a ta ce shi ne na ɗaya? Ina! Sai ta yi gyaran murya, ta dubi ƙasa, ta wuce zuwa Amira ta biyu, Haris na uku, Bilki ta huɗu. Yara suka maimaita tsaf, har da gyaran muryar.

Washegari ta ce a jera bisa tsawo. Shi ne dogo. Ta ce bisa wanda ya riga zuwa makaranta, ta manta shi ke ɗauko mabuɗin aji. Ta jera duwatsu maimakon yara, ja'irin ya je ya tsuguna kan na gaba.

Hedimasta Malam Abdussalam ya ce abin mai sauƙi ne, a tura Dikko aji biyu in an zo lissafi. Aka tura shi. Yara suka jera suka bar masa gurbinsa a gaba, Amira ta kafe ta ce ita ta biyu ce, ba mai matsar da ita. Hamsatu ta dubi gurbin nan, wallahi shi ma sai ta ji kunyarsa, ta yi gyaran murya ta wuce. Abu har ya shiga gari. Baban Haris ya tambaye shi a wane sahu ya yi sallar Juma'a, yaro ya yi gyaran murya ya dubi ƙasa, uban ya yi kwana uku yana ɗura masa zuma da lemon tsami.

Ranar Laraba mai duba malamai, Malam Abdulrashid, ya iso kan babur da kwali mai hoton awaki biyar suna bin juna zuwa rijiya. Ya nuna ta tsakiya, aji ya ɗauka ta uku. Ya nuna ta bayanta, ta huɗu. Ya koma ta biyu, ya tsallaka ta biyar, ba wanda ya yi tuntuɓe, har ya fara gyaɗa kai. Sannan ya ɗora yatsa kan akuyar gaba. Yara arba'in da biyu suka yi gyaran murya a tare, suka sunkuyar da kai.

Mutumin ya firgita, don a yankin nan tun shekarar gubar dalma ba a wasa da ciwon yara. Ya tambayi ko an kai su asibiti. Hedimasta ya ja shi gefe ya raɗa masa yadda abin yake. Malam Abdulrashid ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya sa aka jera yara a waje, Dikko a gaba kamar kullum.

"Malama, na san wanga abu, gidanmu ma haka a kai," in ji shi. "Amma takardar ga ba ta san kunya ba. Ki faɗa musu sau ɗaya, wane ne a gaba kuma na nawa ne. In sun maimaita, in sa hannu."

 Hamsatu ta tuna shekara ukun nan na cin alli a banza, ta tuna Innarta da ta mutu ba ta taɓa kiran sunan yayansu ba. Ga matan gari sun taru bakin rijiya suna leƙe. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗaga sanda, ta ce cikin ƙaramar murya, "Dikko ne na ɗaya."

Yaron ya waiwaya baya yana neman mai magana, don bai san yadda sunansa yake a bakinta ba. Da ya gane ita ce, idanunsa suka ciko. Kowa a wurin ya ji ta, har Bilki da ke can ta huɗu. Amma sai ya matso ya kama gefen zanenta.

"Inna," ya ce, "ban ji ba."

Malam Abdulrashid ya riga ya sa hannu, yana ninke takardar. Hamsatu ta gani sarai. Ta sauke mayafin, ta dubi yaron, ta sake faɗa.