Harsashi Ɗaya a Wayar Muzzammil

Muzzammil ya miƙo mini wayarsa wata Talata bayan la'asar, ya ce in fitar masa da wani mutum daga cikin wani gida.

Maƙwabcina ne a nan Gwandu, katanga ɗaya ta raba mu. Gyaran waya yake yi a Kalgo kafin ciwon hanta ya maido shi gidan ubansa. Asibiti sun sallame shi, ba don ya warke ba. Kullum matarsa Fiddausi takan shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya jingina da buhun gero, ciki a kumbure, idanu kamar an jiƙa su da gangamau.

Ni maharbi ne. Shekara arba'in ina shiga fadama da bindiga. Na tsaya gaban dorina, ban ja da baya ba. Waya kuwa, kira kawai na sani.

"Wane mutum?" na ce.

"Wasa ne, Baba. Gem. Wata uku ina fama da shi, saura ƙofa ɗaya. Yau yatsuna sun ƙi."

"Kai da gemu da mata, kana wasan yara."

"Yara ba su iya wanga. Zauna ka gani."

Na zauna. Ya cusa mini abin ji a kunne. A gilashin wayar na ga bayan wani mutum riƙe da tocila da bindiga, cikin dogon gida mai ƙofofi, ba taga ko ɗaya.

"Ina dodon?"

"Shina ciki."

"Nuna mini shi."

"Da ana ganinai ai da sauƙi. Sau biyu na gan shi a wata uku. Sauran duk takunai nake ji." Ya huta, ya nemi numfashi. "Wasan da ake cika maka bindiga ka yi ta harbi, ba tsoro a ciki. Wanga ba ka da ƙarfi. Tocila na cin batir. Ka kashe ta, ba ka gani. Ka kunna, ya gan ka. Ƙofar da ka wuce ta kulle bayanka. Kuma ba mai taka maka, kai za ka taka."

"Mutumin nan, harsashi nawa gare shi?"

"Ɗaya. Na kwaɗon ƙofar ƙarshe ne, shi za ka harbe. Abin ba ya mutuwa, kada ka ɓata. In ka ji shi, ka shiga kabad ka yi shiru."

"Maharbi ba ya shiga kabad."

Ya yi dariya har ta koma tari.

Ya nuna mini inda zan aza babban yatsa, da inda ake harbi. Na tura mutumin, ya je ya daki bango.

"Baba, bango ne, ba dorina ba."

Na juya mutumin. Na bi da shi a hankali. Sai na ji taku a bayan kunnena na hagu, mai nauyi, ana jan ƙafa ɗaya. Na waiwaya ƙofar zaure. Akuyar gidan ce kawai tana tuƙa. Muzzammil ya ga na waiwaya.

Takun ya tsaya. Wanda ya san daji ya san irin wannan shirun, na sa'ad da tsuntsaye suka daina kuka. Mutumin yana haki, ni ma na ji ina yi. Wani abu ya gitta a gefen hasken.

Yatsana bai yi shawara da ni ba. Shekara arba'in haka na koya masa.

Labule ne na harba.

"A sake," na ce.

"Ba a sakewa. Abin da ka yi, nan take yake riƙe shi. Sai dai a koma farko."

Farko, wata uku ke nan. Ya dubi cikinsa, ni na dubi akuya.

Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya lallaɓa ya shigar da mutumin kabad, ya ja ƙofa. "Bar shi nan."

Ban taɓa ba wanda na haifa haƙuri ba, balle ɗan maƙwabci. Na ce, "Labulen ya motsa."

"Awo, Baba. Ya motsa."

Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Ni na kama gaban makara. Kafin a tafi masallaci mun dawo.

Bayan sadakar bakwai Fiddausi ta aika a kira ni. Tana takaba, ba ta fito ba. Daga bayan labulen zaure ta turo faifai, wayar a kai.

"Baba, marigayi ya ce a ba ku. Ya ce ko ba harsashi ku gwada, ƙila da wata hanya. Gobe ƙanensa zai zo daga Kalgo ya ɗauka, ya ce zai goge komai."

"To."

"Na yi mata caji. Na buɗe muku wurin. Ku fitar masa da shi, in san na cika masa wannan."

Na sa abin a kunne. Mutumin yana nan tsugune inda aka bar shi. Ta tsagar ƙofar kabad ina ganin ɗakin. Hasken tocila ya koma ja. Takun ya zo, ya wuce, ya dawo yana jan ƙafa. Ya tsaya.

Buhun geron yana wurinsa, da lotsawar bayan Muzzammil a jikinsa.

Na cire abin daga kunne, na aza wayar bisa faifai, na tura shi ƙarƙashin labule.

"Baba?"

"Ba zan buɗe ƙofar nan ba."