Baba Direba Yana Kira

Talabijin ya sake mutuwa a daidai lokacin da Anti Tela ta sa almakashi a yadi.

"Wai wannan wace irin masifa ce?" ta ce, ta dangwarar da almakashin a kan tebur.

Ta miƙe ta kunna, hoto ya dawo. Ko zama ba ta gama yi ba, ɗif, ya sake ɗaukewa. An kwana biyu ana yi mata wannan wasa da hankali. Ta sa an ciccibi talabijin ɗin an kai wa mai gyara, ya buɗe cikinsa ya rufe, ya ce lafiyarsa ta fi tata. Mijinta ya ce wayar wuta ce ta saki a bango. Wata mai kawo ɗinki kuwa rage murya ta yi, ta ce a dage da addu'a, don ita dai ɗakin nan bai yi mata kama da wanda mutane kaɗai ke ciki ba.

Ta juya za ta ja tsaki, sai idonta ya faɗa waje. Tagar ɗakin ɗinkinta da ta maƙwabcinsu Baba Direba kallon juna suke yi, ba abin da ya raba su sai wani siririn lungu da bututun ruwa ya bi ta ciki. Ga shi can a kan gado an tokare shi da filo, fitila a kunne a saman kansa. Hannunsa na hagu yana riƙe da wani baƙin abu mai faɗin tafin hannu, ya saita shi ɗakinta. Rabin fuskarsa mai motsi dariya yake yi, har kafaɗarsa tana rawa.

"Baba! Ashe kai ne aljanin?"

Ya ƙara ɗaga abin ya danna. Talabijin ya kunnu a bayanta da ƙarar da sai da ta zabura.

Baba Direba a kan titi ya tsufa, yana jan babbar motar fasinja. Mutum ne mai baki, ga tsokanar tsiya. Da yana kan ƙafarsa ba ya wuce tagarta bai leƙo ba: "Tela, wandon nan da kika yi wa mijinki, shi da wa za su shiga?" Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo rana ɗaya ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da maganar. Bakin da ya cika layi ya koma sai gurnani. Tun da aka dawo da shi daga asibiti ba ta ga dariyarsa ba sai yau. Faɗan da ta shirya ya bi ruwa, ta tsaya riƙe da ƙarfen taga tana dariya, idonta yana cikowa.

Da yamma autarsa ta shigo ba da haƙuri, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ita kaɗai ta rage masa a gida. Yayyenta suna garuruwa masu nisa, sai dai a ji muryarsu a waya. Ita kuma tana aiki a wani kanti can ɗaya gefen gari, ta fita da safe sai rana ta yi sanyi.

"Anti, wallahi ban sani ba," ta ce, ta miƙo abin. "Tsohuwar kwamfutar hannu ce ta Yaya, ya daina amfani da ita. Rimot ɗin talabijin daban, na fanka daban, na rediyo daban, kullum sai ɗaya ya faɗa ƙarƙashin gado ya wuni yana kallonsa. Shi ne na haɗa masa su duka a nan."

Anti Tela ta juya abin a hannunta. Gilashin ya tsage a gefe, a kansa ga manyan maɓallai an zana, masu girman da babban yatsa ba zai kuskure ba.

"To ni meye laifina?"

"Kin ga ɗan baƙin idon nan da ke samanta? Ta nan haske yake fita. Mu ba ma ganinsa, talabijin ne ke gani. Naki da namu iri ɗaya ne, shi ya sa naki yake jin maganarsa. Gobe zan sa labule mai kauri."

"Kar ki soma."

Auta ta ɗago ta dube ta, sai kawai ta zauna a kan tulin yadi, ta kifa kai a gwiwa.

"Tsoro nake ji, Anti. Innarmu a asibiti ta rasu, na fita karɓo magani. Na dawo na tarar an ja mata mayafi har kai, ba kowa a gefenta. Ko wanda zai riƙe mata hannu babu. Kullum in na ja ƙofa da safe sai in ga kamar haka za a sake yi mini. Na kawo masa ƙararrawa, ya yi jifa da ita. Aikin kuma ba ya baruwa."

"Ko bai jefar ba, ina zan ji ƙararrawa da wannan keken ɗinkin nawa?" Anti Tela ta kalli tagar. "Ki bar mini mukulli. Ki gaya masa in ya kashe mini talabijin, kirana yake yi, zan zo. Labulena ba zai sake sauka ba. Muddin ina cikin ɗakin nan, Baba ba zai tafi shi kaɗai ba."

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Amma ta riga ta fita, kuma Auta ta riƙe ta hannu bibbiyu.

Haka aka ci gaba. Ta juya talabijin ya fuskanci taga sosai, har ita mai shi sai ta karkata wuya take ganin hoto. Rana ta riƙa shigowa tana cinye launin yadikan da ke kusa, ta kwashe su ta mayar kusurwa. Mijinta ya yi ƙorafi cewa yanzu ko singileti mutum ba shi da ikon zama da ita a ɗakin, ta ce to ya sa riga. Wata rana wata maƙwabciya da ke zaune a bene ta shanya zanen gado a lungun, ya tare tsakanin tagogin. Anti Tela ta fita ta sauke shi da danshinsa ta kai mata har ƙofa, suka yi 'yar sama-sama, ba ta damu ba.

Shi kuwa gogan naka ya samu abin yi. Tana tsakiyar kallon fim, ana gab da tona asirin mugu, sai ya mayar mata tashar ƙwallo. In mai kawo ɗinki ta zauna ta buɗe faifan gulma, sai ya ƙure ƙara har matar ta tattara jakarta.

"Baba, Allah zai saka mini!" take cewa ta taga, shi kuma kafaɗa tana rawa.

Amma bai taɓa wasa da kashewa ba. In allon ya yi baƙi, to da dalili: ruwa yake so, ko filo ya zame, ko ƙafar da ba ta motsi ta maƙale a mayafi. Wani lokacin ta zagaya ta buɗe ƙofa ta tarar ba komai. Sai ya nuna mata kujera da ido. Ta koyi zuwa da allura da zare a aljihu, ta zauna tana kalmasa bakin riga tana ba shi labarin layi, wa ya tashi, wa ya tare, wa ya sayi mota bai iya ribas ba. Wannan na ƙarshen ya fi yi masa daɗi.

Sannu a hankali tsokanar ta ragu. Ta kalli fim tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya taɓa mata tasha, ta ji fim ɗin ba daɗi. Abinci ya koma sai cokali kaɗan, ya kau da kai. Likita ya zo ya duba, ya ja Auta waje suka yi magana a tsaye, ta dawo da jajayen idanu ta ce an ce a bar shi ya huta a ɗakinsa.

Ranar da abin zai faru, da hantsi aka ɗauke wuta. In ba wuta ba talabijin, ba kuma hanyar kira, don haka Anti Tela ta ajiye aiki ta zagaya kamar yadda ta saba. Ta same shi yana barci, numfashi a hankali. Ta goge masa goshi, ta buɗe gilashin taga iska ta shigo, ta tura kwamfutar ƙarƙashin hannunsa, don ya saba farkawa ya ji ta a wurin. Ta ɗan zauna. Wayarta ta dame ta da ruri, wata mai riga ce da ta rantse yau za ta sa kayanta ko sama da ƙasa za su haɗe. Ta ce a ranta bari ta je ta ƙarasa hannu ɗaya ta dawo.

Ta ƙarasa hannun, ta sa maɓallai, ta yanke zare. Matar ta sake bugowa.

"Ki turo mini hoto in gani da idona. Na san halinku, teloli."

"Ai kuwa yanzu za ki gani," ta ce, ta kashe tana ƙunƙuni.

Ɗakin ba haske, sai ta rataye rigar a ƙarfen taga, ta ja baya ta ɗaga waya. A kan gilashin wayar, gefen hannun rigar, tagar Baba ta fito baƙi ƙirin, don ɗakinsa in ba fitila ba a ganin komai daga waje. A tsakiyar baƙin nan wani ɗan ɗigon haske yana ƙiftawa, fari da ɗan shuɗi. Ta sauke wayar ta duba da idonta. Babu komai, duhu ne kawai. Ta goge gilashin da bakin mayafi ta sake ɗagawa. Ga shi nan, yana ƙiftawa, ya tsaya, ya sake ƙiftawa.

Ba ta san yadda aka yi waya ta ga abin da ido bai gani ba, ba ta kuma tsaya tambaya ba. Baba ne yake dannawa, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Da takalmi ɗaya ta fita, tef ɗin awo yana lilo a wuyanta. Mukulli ya ƙi shiga, sai da ta sake gwadawa. Ta same shi ya zame daga kan filo, wuyansa ya lanƙwashe, gumi ya jiƙa masa riga. Hannun hagun yana miƙe saitin taga, babban yatsa yana ta dannawa.

"Na zo, Baba. Na gani. Ya isa haka, ka ji?"

Bai daina ba sai da ta zare abin daga hannunsa. Yatsun suka yi ta lalube a iska, ta ba su hannunta, ya damƙe da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba. Ta gyara masa kai da ɗayan hannun, ta lalubo waya.

"Auta, ki taho. Kar ki tsaya tambayata komai."

Ta kara masa wayar a kunne. Muryar yarinyar tana fitowa 'yar ƙarama, da ƙarar titi a bayanta: "Baba, ga ni nan. Na fito, na hau mota. Ka jira ni, Baba." Idonsa ya juyo wajen Anti Tela kamar mai tambaya.

"Tana hanya," ta ce. "Ka dai san halin 'yan uwanka direbobi, ba sa tashi sai mota ta cika."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ita kuwa sai a lokacin kuka ya zo mata, ta haɗiye shi, don ba lokacinsa ba ne. Ta sunkuya kusa da kunnensa tana maimaita kalmar shahada a hankali. Leɓensa yana bin ta, ba sauti. Numfashin ya riƙa ja da nisa, a jira, ya dawo, a sake jira. A waje wani yana ta buga ƙofar wani gida yana kiran suna. Can sai ta jira, ta jira, bai dawo ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta shafe masa ido da hannun da ke sake. Ɗayan yana cikin nasa, ba ta yi ƙoƙarin cirewa ba. Ƙafarta ta sage saboda zama, ba ta motsa ba. Tana ji har lokacin da takun gudu ya shigo layi, ya zo bakin ƙofa ya tsaya cak.

Auta ta tsaya riƙe da ƙyaure, jaka tana zamewa daga kafaɗarta. Ta dubi gadon, ta dubi rufaffun idanun. Ba ta yi ihu ba.

"Anti... shi kaɗai?"

"A'a. Ya kira, na zo. Ya ji muryarki. Ina nan har ƙarshe."

Yarinyar ta tako ta durƙusa a gefen gado. Anti Tela ta buɗe yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya, ta zare hannunta, ta kamo na Auta ta sa a gurbin, ta mayar da yatsun a kai.

Auta ta kifa goshi a bayan hannun, ta daɗe a haka.

"Anti," ta ce, "hannunsa da ɗumi."

Anti Tela ta dubi tafin hannunta, jiƙe da gumi, shatin yatsunsa bai ɓace ba. Ta matsa gefe ta ba ta wuri a bakin gadon.