Shanun Liatu da Giyar Jamus

Shekarar da ƙungiyar manoman auduga ta tura Sulemanu Jamus koyon gyaran tarakta, rabin Gozaki ne suka raka shi bakin mota. Da ƙafa biyu ya tafi. Ya dawo ɗaya naɗe cikin filasta, yana dogara sanda yana washe baki sai ka ce wanda ya ciwo kyauta.

Matarsa Liatu ba ta ga abin dariya ba. Ƙungiya ce ta biya asibitin can don a sallame shi, da zaton kamfanin inshora zai mayar mata, tunda an yankar masa inshorar tafiya kafin ya hau jirgi. Kamfani ya ce allambaram, ba ya biyan raunin da maye ya jawo. Sai ƙungiya ta juyo kan Sulemanu. Shi kuwa me ya mallaka ban da baki? Abin sayarwa a gidan nan shanun huɗa ne guda biyu, waɗanda Liatu ta saya tun suna maruƙa da kuɗin gyaɗar gayaunarta, ta yi ta ɗauko musu harawa har wuyanta ya sage. Ga damina ta ƙarato.

Abin da ya fi ƙona mata rai, mutumin ko a jikinsa. Kullum la'asar yana gindin ɗorawar ƙofar gida, su Jibo abokansa na gayya sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda likitan Bature ya tambaye shi giya nawa ya sha, ya ce kwalba goma sha biyu, likita ya riƙe baki ya rubuta. A wajen su Sulemanu, tun kaka da kakanni, da ƙwarya ake auna namiji ranar gayya: wanda ya fi shan burkutu bai faɗi ba, shi ake yi wa kirari. Shiga coci ma bai wanke musu wannan ba. In shewarsu ta iso madafa, Liatu sai ta ja tsaki ta ci gaba da tuƙin tuwo.

Ran nan sai ga Alhaji Maitama, ɗan kasuwar Malumfashi da suka yi tafiyar tare. Ya jingine babur, ya ja Sulemanu cikin zaure. Liatu ta kawo ruwa, ta durƙusa gaisuwa, don haka a kunnenta aka yi.

"Sulemanu, ka ji tsoron Allah," in ji Alhaji. "Ina gefenka ina shan lemo. Kofi guda aka zuba maka, shi ma ba ka shanye ba, ka ce ɗaci. Sabon takalminka ne ya zame a kan ƙanƙarar matakala. Na je ofishin inshora a Kaduna. Sun ce in ka janye maganarka da bakinka, ni kuma na yi shaida, za su sake duba lamarin."

Liatu ta juya ta dubi mijinta. "Baban Atu, da gaske ne?"

Sulemanu ya leƙa waje, ya sosa ƙeya. "Alhaji, don Allah rage murya. To cewa zan yi me? A gaban 'yan mata masu jinya fa likitan ya tambaye ni. In ce kofi guda na sha na kife a ƙasar mutane? In na janye yanzu ƙungiya za ta ji, Gozaki za ta ji. Da wane ido zan dubi su Jibo?"

"Da idon da za ka dubi turke ba shanu," in ji Liatu.

"Ke mace ce, ba za ki gane ba. Shanu ana sake saye."

Alhaji ya yi magiya har ya gaji, ya shuri baburinsa ya tafi yana girgiza kai.

Duk kwanakin nan Liatu ƙyamar mashayi take yi, ashe ko mashayin ma bai kai ba. Mashayi ko ba komai ya sha abin da ya ka da shi. Wannan kuwa ƙarya ya sha, kuma ita za ta biya. Ta dube shi yana gyara zaman filasta, ta ji ƙyanƙyami irin na wanda ya tsinci ƙuda a ƙasan kokon da ya shanye.

Ranar kasuwar Bakori mutanen ƙungiya suka zo suka kwance shanun. Ƙaramin ya yi ta turjewa yana waiwayenta, sai da aka sa masa sanda. Liatu ba ta yi kuka ba. Daga gindin ɗorawa tana jiyo muryar mijinta, kwalabe har sun kai goma sha biyar.

Ta shiga garke ta kinkimo karkiya, itacen da ake ɗora wa shanun a wuya, ta fito ta dire ta gabansa, ƙura ta tashi.

"Ga ta nan, Baban Atu," ta ce. "Hadari ya fara haɗuwa, gona na jira. Namijin da ya shanye giyar Jamus ba zai kasa jan garma ba. Jibo, kai sai ka kama masa ɗaya gefen."

Ta koma ciki ta ɗauki fartanyarta.