Ruwan Sama a Ɗakin Ajiya

Ina da wani ɗan aibi: ba na iya yin abin kirki in yi shiru. An ce yabon kai jahilci ne. In haka ne, ni na daɗe da sauke wannan karatun.

Gyaran famfo ne sana'ata, amma kiwon kwaɗi shi ne abin da nake so a tuna ni da shi. Na fara ne don ƙwari sun addabi ɗan lambun bayan gidanmu, sai abin ya bar lambu ya shige ɗakin ajiya. Na sa tsohon bahon wanka, ƙasa mai laima a gefe guda, ruwa a ɗaya gefen, na kifa fasassun tukwane don su sami maɓoya. Gyare da tsutsa nake ba su, da hannuna.

Kuma ba kowane kwaɗo nake ɗauka ba. Sai na tsaya bakin kududdufi na kasa kunne, wanda muryarsa ta fi ta kowa kauri shi nake kamawa. Ai lafiya a murya take.

Damina biyu suna ci, suna ƙiba, suna rera waƙa. Ƙwai ko ɗaya babu.

"Baban yara," in ji matata wata safiya, bayan ta sake buga ƙafa da keken ɗinkinta da ke tsaye a hanyar kicin, "kekena na kwana a hanya, baƙinka na kwana a ɗaki. In daminar nan ta wuce ba su haihu ba, su koma inda ka ɗebo su."

Na ce na yarda. Tsautsayi ya sa ƙaninta na zaune.

"Yaya, ki yi masa haƙuri," ya ce, "ungozoma ce ba ta sami aiki ba tukuna."

Tun daga ranar Ungozoma yake kirana, har a gaban masu kawo mini gyara.

Na zauna na yi tunani irin na masu sana'a. Kwaɗo ba ya neman iyali sai ya ji ruwa na dukan bayansa, rufin ɗakina kuwa ba ya yoyo, don ni na gyara shi. To, in ruwa ba zai shigo ba, sai in ƙera nawa. Na huda bututu da ƙusa mai zafi, na rataye shi saman bahon, na haɗa da ɗan injin da ke jan ruwa ya mayar sama. Na bar ƙasar ta ɗan bushe tukuna, sannan na sako musu hadari.

"Mutane na kiranka ka tsayar da yoyo," in ji matata, "kai ka dawo gida ka ƙirƙiro shi."

Ana cikin haka ta shigo rannan da abin kwashe shara, wani ƙaton kwaɗo zaune a kai.

"Ga ɗaya ya gudu har banɗaki. Ka riƙe kayanka."

Ta juye shi a bahon ta fita. Na duba, ba nawa ba ne. Ga jiki, amma ko uffan ba ya cewa. Na yi niyyar fitar da shi, sai bututu ya toshe, na shagala.

Bayan 'yan kwanaki na buɗe ƙofa da safe, sai ga su: dogayen igiyoyi masu yauƙi sun naɗe duwatsun cikin ruwa, baƙaƙen ƙwai jere a ciki kamar ɗinki. Na kira matata, na kira maƙwabta, na aika a taso mini ƙaninta daga shago.

"Ungozoma, ashe da gaske kake!" in ji ƙaninta.

"Ka ƙara da ranka ya daɗe," na ce.

Talibambam suka cika bahon, suka yi ƙafafu, wutsiya ta ɓace. Matata mai cika alkawari ce; ta bar musu ɗakin, ta matsar da kekenta kusa da taga, ba ta ƙara ta da maganar ba. Duk baƙon da ya zo sai na kunna masa ruwan ya gani, in bayyana masa cewa sirrin yana ga girman hudar bututu.

Daga baya na ji cewa a cikin kwaɗi maza ne kaɗai ke kuka.