'Yar Kullen Inuwa

A Ba'awa kowa ya san Inuwa da motarsa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin ta a kan hanya. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, inda ya yi ta miƙa wa bakanikan soja sifana har shi ma hannunsa ya faɗa, mutumin nan bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Manomi ne kamar kowa, amma da an kai amfani gida sai ya shige rumfar da ya kafa a bayan ɗakinsa, ba a sake ganin sa sai da baƙin mai har gwiwar hannu. Injin na wata motar gyaɗa ne da ta kife a hanyar Bebeji, gangar jikin kuwa ta wata ƙaramar mota ce da mai ita ya gaji ya yar. A kan jakuna aka kawo su gunduwa-gunduwa, abin da ya ƙi shiga ta zaure aka ɗaga shi ta kan katanga.

Sai da ya ɗaura tayar ƙarshe sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙofar zaure, wadda ko jaki da mangala sai ya karkace yake shiga. Katangar kuwa mahaifinsu ya gina ta da hannunsa, kuma Shitu, wansa, wanda shi ne maigida, ya rantse muddin yana numfashi ba za a cire ko tubali ɗaya ba saboda wasan yara. Mutanen gari ba su ɓata lokaci ba suka raɗa wa motar suna 'Yar Kulle. In sun haɗu da Inuwa a masallaci sai su tambaye shi lafiyar amarya, ko har yanzu ba a ba ta izinin zuwa unguwa ba. Shi dai sai ya yi dariya ya wuce.

Ran nan babu dariya a gidan. Zuwaira, 'yarsa ta fari, wadda ta zo goyon ciki, ta kwana ta wuni tana naƙuda, ga shi gari ya sake wayewa shiru. An sha rubutu, an yi turare, an jiƙa duk saiwar da aka sani. Mijinta ya tafi fatauci, motar kasuwa kuma sai jibi za ta shigo.

Abin da ya fi ci wa Inuwa rai shi ne ba shi da bakin tambaya. 'Yar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa faɗin sa ba, ko a gaban mutane ko shi kaɗai. “Yarinyar nan” yake cewa, in ta kama dole. Bai taɓa ɗaukar ta a idon jama'a ba. Uwarta ma, Safara'u, tana can gindin rumbu ta juya wa ɗakin naƙudar baya tana daka, kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Da Inuwa ya gifta ya leƙa turmin, sai ya ga babu kome a ciki.

Ya koma rumfa ya kwance fulogi ya goge, ya mayar, ya sake kwancewa. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba ko a dajin Bama. Duk nishin da ya fito daga ɗakin nan sai sifana ta suɓuce masa. Daga baya nishin ya fara raguwa, wannan kuwa ya fi tayar masa da hankali.

Da hantsi Kulu ta fito. Yayarsu ce, ita ce kuma ungozomar unguwar, tsohuwar da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta tsaya a bakin rumfa ta dubi motar sama da ƙasa.

“Inuwa, wannan abar taka tana tafiya, ko ta kallo ce?”

Ya ce injin dai yana tashi, amma bai taɓa gwada ta a hanya ba. Ta ce to yau zai gwada, don ɗan ya zo a gicciye, abin ya fi ƙarfin hannunta, in ba asibitin birni ba yarinyar nan ba za ta kai magariba ba.

Shitu na zaune a zaure yana jan carbi. Inuwa ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi kwanan iyali, ya tambayi gajiya, kamar mutumin da ba shi da wata damuwa a duniya. Sa'an nan ya ce, Yaya, a yi haƙuri, yarinyar nan ce, Yaya Kulu ta ce sai Kano. Bai tayar da maganar katanga ba. Shitu ya dube shi. Ya tashi ya shiga ɗakinsa ya fito da gatari, shi ya fara sarar katangar uban nasu. Kafin a ce me, maƙwabta sun taru da fartanya da sungumi.

Sai motar ta ƙi tashi. Inuwa ya zuba ruwa a lagireto, ya ɗiga fetur a kafireto, ya zura ƙarfen tayarwa a gaba ya murza har kafaɗarsa ta yi tsami. Ta yi tari ta yi shiru. Jama'a na tsaye a bakin giɓin da aka fasa, babu mai tsokana yau, shi kuwa da ma tsokanar suka yi da ya fi masa sauƙi. Ya yi bisimilla ya sake murzawa. Injin ya kama da wata irin ƙara da ta watsa kaji da awaki, don bai taɓa samo mata salansa ba.

Aka shimfiɗa katifar rimi a baya, aka ɗauko Zuwaira a lulluɓe, Kulu ta ɗora kanta a cinya. Inuwa bai waiga ba. Ya taka kuloci ya sa giya, motar ta zabura ta bi ta kan ɓaraguzan katanga. Injin babbar mota a jikin ƙarama, sai fizgar sa take yi, sitiyari na neman ƙwace masa. Birkin ma bai amince da shi ba. Kowane rami ya shiga sai ya ji shi a cikinsa, yana tunanin tayar hagu da ya yi wa faci har ba a ganin asalinta.

Sun hau hanyar Kano ke nan Kulu ta dafa kafaɗarsa ta sa baki a kunnensa.

“Tana lumshe ido. In ta yi barci ba za ta tashi ba. Ina ta kira, ƙarar nan ta danne muryata. Kai ke da murya, kira ta.”

Ya ce, “Ke yarinya!”

“Ba haka ba. Da sunanta.”

Shekara da shekaru sunan nan yana cikinsa, bai san yadda zai fito ba. Ya riƙe sitiyari gam, idonsa a kan hanya, ya buɗe muryarsa ta faretin soja.

“Zuwaira!”

Kulu ta ce ta motsa, ya ƙara. Ya ƙara. Haka ya yi ta kira, suna wuce masu jakuna da mata masu tallan nono, kowa na tsayawa yana kallon wannan mahaukaciyar mota da mai ita yana ihu, hawaye na bin gemunsa. Ko da suka isa ƙofar asibiti muryarsa ta dushe.

Aka shiga da ita. Shi ya tsaya a jikin motar, ya kasa zama, ya yi azahar ya yi la'asar a gefenta bai san abin da ya karanta ba. Rana ta yi sanyi sannan Kulu ta fito tana gyara mayafi. Ya tsura mata ido.

Ta ce an sauka, namiji ne, uwar ta sha wuya amma tana nan da ranta. Sa'an nan ta ce, “Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne wane ne ya yi ta kiran sunanta a hanya. Ta ce muryar kamar ta san ta.”

Inuwa ya juya ya buɗe murfin inji ya sunkuyar da kansa ciki. Ya daɗe a haka, bai taɓa kome ba.