Ruwan Bara

Mainasara yana cikin nuna wa mai buga takardun ofis, wadda ake kira Baturiya, hoton gajimare a fuskar kwamfuta, sai ga wani mutum ya yi sallama da tsani a kafaɗa.

"Ni ne Gwadabe, mai gyaran waya. An ce in biyo in ba ku haƙuri, har yanzu ba mu samo falwayar ba."

"Wace falwaya?" in ji Mainasara.

"Wadda motar itace ta kayar a hanyar Bebeji mana. Ai layinku ya mutu tun kafin babbar salla."

Mainasara ya yi dariya irin ta wanda ya sani yana tausayin wanda bai sani ba. Shi ne fa jami'in kwamfuta na ofishin aikin gona da ke gefen tafkin Bagauda, kuma a wannan shekara ta 1999, daga nan har Doguwa babu wani mai irin wannan muƙami. Ya juya masa fuskar kwamfutar.

"Malam Gwadabe, gani ya kori ji. In layi ya mutu, wannan daga ina yake zuwa?"

Gwadabe bai yi musu ba. Ya jingine tsaninsa, ya nemi a buɗe masa sito, ya zare igiyar wayar daga jikin akwatin da ke ciki, ya soka a tarhonsa na gwaji, ya miƙa wa Mainasara. Mainasara ya kara a kunne. Ko kukan sauro babu.

Akwatin nan na sito wata tsohuwar kwamfuta ce da Injiniya Dikko ya haɗa kafin ya koma Legas. Layi ɗaya ofishin yake da shi, ga tsada ga nawa, don haka Dikko ya sa mata wata manhaja ta kyauta da ya ce sunanta furoksi. Aikinta shi ne ta tsaya tsakanin kwamfutocin ofis da duniya. Duk shafin da aka nema, ita ce za ta je ta ɗauko, ta ajiye kwafinsa, gobe in wani ya nema sai ta miƙo na ajiye. Ma'aikata suka raɗa mata suna Dillaliya, sunan kuwa ya bi ta.

Manhajar ba ta da kamfani. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suke rubuta ta, suna gyara ta don Allah. Bara Mainasara ya taɓa aika musu da tambaya, bayan gaisuwa mai tsawo da tambayar iyali. Wani bawan Allah ya amsa masa da layi biyu, ko "yaya aiki" babu: wadda kuke amfani da ita ta tsufa, mun daina kula da ita, ɗauki sabuwa. Ya gwada ɗaukowa, layi ya yi ta tsinkewa, ya gaji. Daga nan ya yanke hukunci cewa da tsohuwar zuma ake magani, ya kulle sito ya sa mabuɗi a aljihu.

Abin da bai sani ba shi ne tsohuwar tana da hali irin na dillalan gaske. Ba ta taɓa cewa babu. In ta je ta tarar da hanya a toshe, sai ta lalubo abin da ke ajiye ta miƙo, ba tare da ta ce uffan ba. Su kuwa mutanen ofis kullum shafuka uku suke buɗewa, don haka babu wanda ya lura. Da wasiƙu suka daina shigowa, Darakta cewa ya yi Turawa sun manta da mu.

Mainasara ya dawo gaban kwamfutar a hankali, ya ja shafin hasashen yanayi zuwa ƙasa, can inda bai taɓa dubawa ba. Da ƙananan baƙaƙe an rubuta: Agusta, 1998. Tun zamanin Dikko aka ɗauko shi, a tsakiyar damina, daga nan ba a sake neman shafin ba sai bayan layi ya mutu.

"Lafiya, Oga?" in ji Baturiya. "Na ga ka yi fari."

Ina lafiya! Jiya da yamma ya biya ta Kafin Maiyaki gaida surukinsa, Baffa Hamman, mahaifin matarsa Maijidda. Tsohon Bafulatani ne mai shanu da gona, wanda tun ranar ɗaurin aure bai gane wace irin sana'a mijin 'yarsa yake yi ba. Ya taɓa tambayar Maijidda ko kallon talabijin ne ake biyansa. Wannan magana ta daɗe tana ci wa Mainasara rai. Saboda haka jiya, da ya ji ana zancen jinkirin damina, sai ya gyara murya ya ce na'ura ta nuna ruwa kamar da bakin ƙwarya, daga gobe har kwana biyar a jere. Karo na farko ke nan da tsohon ya ɗago ya dube shi. Ya ce to, tunda haka ne, da asuba zai yi binne, wato ya shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa ya same shi.

Irin kuwa na dawa ne, ƙaura, wadda tsohon yake zaɓar zangarniyarta da hannunsa kowace kaka tun yana saurayi. Ba a sayar da irinta a kasuwa.

Mainasara bai tsaya neman izinin Darakta ba. Ya tashi baburinsa, wanda sai da aka tura shi kafin ya yarda, ya miƙi hanya. Rana ta take, kwalta tana tiriri. Yana tafe yana duban sama yana addu'a iri biyu: ko Allah ya sa tsohon ya makara, ko kuma ya kawo ruwa ko yaya ne, ko da yayyafi, don dai a ce na'ura ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. A hanya ya tsara jawabi. Zai fara da bayanin layi, ya biyo da falwaya, sannan ya ɗora laifin duka a kan mai motar itace, tunda shi ba ya nan balle ya kare kansa.

A gefen garin Kafin Maiyaki ya bar kwalta ya bi burtali. Tun daga nesa ya hango abin da yake tsoro. Gonar a share, layukan sungumi sun miƙe daga wannan iyaka zuwa waccan, kowane rami an take shi da diddige. Baffa Hamman yana zaune a gindin ɗorawa a kan buzu, ga ƙwarya biyu a kife kusa da shi.

Mainasara ya kafe babur nesa, ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa.

"Barka da hutawa, Baffa."

"Barka kadai. Ya iyali?"

"Lafiya lau suke, suna gaishe ku."

"Ya shanunku na ofis?" Haka tsohon yake kiran kwamfutocin.

"Da godiya, Baffa."

Gaisuwa ta ƙare, ba sauran wurin ɓuya. Mainasara ya dubi ƙwaryar nan biyu.

"Baffa, an rage iri kuwa?"

"Me za a rage? Kullum rabi nake binnewa in ajiye rabi. Bana na ce tunda muna da mai gani har hanji a gida, a zuba duka."

Jawabin da Mainasara ya tsara ya watse. Falwaya ta ɓace, mai motar itace ya tsira. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne, "Baffa, ruwan nan da na faɗa, na bara ne."

Tsohon ya karkato da kunne. "Na yaushe?"

"Na bara. Na watan Agusta. Na'urar ce ta ajiye labarin, da na tambaye ta sai ta ba ni tsoho."

Baffa Hamman ya shafa gemu. Can ya ce, "To ai ba ta yi ƙarya ba. Bara a wancan watan an yi ruwa, har bukkar maƙwabciyarmu Tani ta faɗi."

Mainasara bai san ko dariya ake so ya yi ba, sai ya sunkuyar da kai.

"Ita wannan aba, ta wa ce?"

"Ba ta kowa ba ce, Baffa. Wasu mutane ne suka yi ta, suka ce duk mai so ya ɗauka."

"Wa ke kiwon ta?"

"Su ne. Amma sun ce wannan ta tsufa, sun daina, in ɗauki sabuwa."

"Ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"Ashe ku ma kuna da irin namu," in ji tsohon. "Mu ma mukan ba mutum aron saniya ya sha nono. Amma ban taɓa jin wanda aka ce ya zo ya karɓi karsana kyauta ya ce shi tsohuwa ta ishe shi ba. Kai, Kaɗo!"

Kunya ta rufe Mainasara, har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya ɗaga murya zai ba da haƙuri, "Wallahi Baffa, laifina ne, ni zan je in gaya wa..."

"Sassauta murya!" Tsohon ya waiga da sauri. Can a gonar da ke maƙwabtaka, wani dattijo yana tafe yana jefa iri yana takewa, cikin nishaɗi har da 'yar waƙa. Ya hango su ya ɗaga hannu.

"Ladan ne," in ji Baffa Hamman ƙasa-ƙasa. "Shekara da shekaru yana yi mini gorin surukinsa malamin asibiti. Jiya bayan tafiyarka na je har ƙofar gidansa na ce nawa surukin da gajimare yake magana."

"Shi ma duka ya zuba?"

"Shi da ƙannensa biyu."

Ladan ya ƙwalo kira daga nesa, "Hamman! Shi ne mai ruwan? Allah ya yi albarka, yaro!"

Baffa Hamman ya ɗaga masa sanda yana murmushi, ya zunguri Mainasara da gwiwar hannu. Dole Mainasara ya ɗaga hannu shi ma ya amsa da amin. Tunda ya auri Maijidda, bai taɓa jin kusanci da surukinsa kamar yau ba, kuma abin ya ba shi tausayi, na kansa da na tsohon.

Iska ta ɗan kaɗa. Daga gabas, ta wajen Tudun Wada, wani siririn hadari ya fara tasowa, bai kai a kira shi baƙi ba. Zuciyar Mainasara ta yi sanyi.

"Alhamdu lillahi! Baffa, duba! Tun daga Bagauda nake roƙon Allah ya kawo ko da yayyafi ne."

Tsohon ya juyo gaba ɗaya ya dube shi. "Me ka roƙa?"

"Ko da yayyafi..."

"La'ilaha illallahu. Yaro, in ba a yi ruwa ba sam, iri zai kwanta a ƙasa ya jira, sai dai abin da zabi da tururuwa suka ɗiba. In aka yi mai yawa, mun gode Allah. Yayyafi shi ne ajalin binne. Ya jiƙa iri ya tsira, rana ta fito ta ƙone shi. Duk addu'o'in duniya, wannan ka zaɓo?"

Mainasara ya sauke hannun da ya nuna hadarin da shi.

"Zauna," in ji tsohon, ya matsa masa gefen buzu, abin da bai taɓa yi ba. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kai ka roƙo, kai za ka warware. Ɗaga hannu."

Suka jera a gindin ɗorawa, hannuwa a sama. Tsohon yana ja, Mainasara yana amin: ya Allah, ko mai yawa ko babu, ko mai yawa ko babu. Can Ladan ya hango su, ya ɗauka godiya suke yi, shi ma ya ajiye ƙwarya ya ɗaga nasa.

Suna cikin haka Mainasara ya ji wani abu mai sanyi ya sauka a tafin hannunsa na dama. Ɗigo ɗaya ne, ƙarami. Ya saurara ko na biyu zai biyo da ƙarfi, bai ji komai ba. Ya saci kallon surukinsa, ya ga idanunsa a rufe, leɓunansa suna motsi.

A hankali ya dunƙule hannun, ya ci gaba da cewa amin.