Mai Riƙe Eriya

Likita ya gama duba Yaya, ya dubi Auta ya ce, "Ku riƙa yi masa hirar abin da ya saba da shi. In bai buɗe baki a 'yan kwanakin nan ba, zai yi wuya maganar ta dawo."

Tun ranar da jininsa ya hau ya faɗi a kan keken ɗinkinsa, Yaya bai ce uffan ba. Ido a buɗe, amma kamar ba kowa a ciki. Matarsa ta yi masa hirar yara har muryarta ta dushe. Abokansa teloli sun zo da gardamar ƙwallo, suka fita suna share ido. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yau shi ake roƙo kalma ɗaya.

Da rana tsaka aka bar Auta ita kaɗai a bakin gadonsa na asibiti. Su biyu suka rage cikin 'ya'yan gidansu, in ya yi shiru har abada ba ta da wanda za ta ce wa "ka tuna?"

Ta kama hannunsa ta ce, "Yaya, ka tuna Kawu Mai Akwati?"

Shirin yara ne da ake sawa daidai lokacin da suke dawowa daga makaranta. Wani tsoho ne yake zuwa da akwati, kullum da abin da zai zaro daga ciki. Talabijin ɗinsu kuwa tsohuwa ce mai taurin kai, ba ta kama hoto sai an riƙe wayar eriya a jikin ƙarfen taga. Yaya, da yake wayo ya yi masa yawa, ya ce hannun Auta ya fi kama hoto. Sokuwar ta yarda, har da alfahari. Haka take hawa kujera, ta ba talabijin baya, shi kuma ya miƙe ƙafa a tabarma yana ba ta labari: yau zomo mai tabarau ya fito, yau agogo mai tari. Ba ta taɓa ganin an buɗe akwatin nan da idonta ba. Sai da ta girma ta gane rabin abin ma shi yake ƙirƙira.

Ta rera masa waƙar shirin. Shiru. Ta kwaikwayi dariyar Kawu, har na gadon kusa ya juyo. Yaya ko ƙifta ido bai yi ba.

"Haba Yaya," ta ce. "Ni ce fa."

Sai ta tuna, a lokacin shirin nan bai taɓa ganin fuskarta ba, bayanta ya sani. Ta zare wayar cajin wayarta, ta ja kujerar masu jinya zuwa taga, ta tattare zani ta hau, uwar 'ya'ya guda. Ta manna wayar a ƙarfe, ta ba shi baya.

"Yaya, ya fito?"

Ba amsa. Ta matsa hagu.

"Yanzu fa?"

Masu jinya suka zuba mata ido, ba ta kula ba. Ta ɗaga sama, ta sauke, ta koma dama, hawaye na sauka mata har wuya.

"Don Allah Yaya, hannuna ya gaji."

Daga bayanta wata murya mai nauyi ta fito, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Kar... ki... motsa."

Ta so ta juya ta faɗa kansa, amma ta ji tsoron in ta saki ƙarfen zai koma inda ya fito.

Nas ta shigo da magani ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Sauko kar ki faɗi."

Auta ba ta waiwaya ba. Hannunta na nan a sama, ta ce, "Ban motsa ba, Yaya. Me ya fito daga akwatin?"